Yatsu Uku

Yatsu uku suka rage wa Daeng Tompo a dama.
Biyun nakiya ta cinye,
zamanin da yake ɗura ta a kwalba
yana jefa wa tekun Makassar.
Kifi ya taso ciki sama,
murjani ya zube kamar toka.

Yau Asabar, ba mai biyan kowa.
Jikarsa Rannu ta lanƙwasa rodi,
aka yi walda.
Shi yana tsugune a kwalekwale,
yana ɗaura reshen murjani
da ukun nan.

"Kaka, yaushe zai girma?"
"Taƙi guda, bayan damina biyu."

Ya cika ƙirji, ya yi nutso.
A ƙarfen bara
wani mitsitsin kifi rawaya ya kafa gida,
har yana korar sa.