Kwalba Ɗaya, Baki Biyu

A shagona na Rijiyar Ɗorowa,
bayan tarin rediyoyin da masu su sunka mance,
amfilifaya biyu na zaune kamar tsofaffi a zaure,
kowace da irin tarinta.

Babbar ta kawu Jabbi ce.
Ya kaɗa jita a otal tun ina goye,
ya rasu ya bar tabarma, da bashin goro, da ita.
Kwalabe shida gare ta a ciki.
Fatarta ta saɓule a kusurwa,
ga tabon sigari uku a kanta,
nan yake aje karan in tsirkiya ta tsinke.
Ɗaukarta sai mutum biyu, sai da bisimilla.

Ƙaramar kuwa a Illela na same ta,
hannun wani Buzu da ya sauko daga Tawa,
shi yana neman kuɗin mota, ni ina neman rigima.
Kwalabe biyu kacal. Rairayi har cikin hanjinta.
Kwana uku ina share ta da gashin kaza.

Ba a kunna su a ce su yi magana nan take.
Sai ka jira, kamar mai jiran shayin farko.
Kwalba ta yi ja sannu sannu,
garwashi ƙarƙashin toka,
shago ya ɗau ƙamshin dalma da tsohon katako,
sannan su yi gyaran murya.

Babbar, muryarta fura ce da ta ji nono,
mai kauri, ba ta gaggawa,
ko ka murɗa ta har ƙarshe ba ta zubar da girma.
Ƙaramar ba ta da wannan kunya.
Ka taɓa ta kaɗan ta hau gurnani,
tsami gare ta kamar ɗanyar tsamiya,
tana karyewa, amma wurin karyewar nan daɗin yake.

Duk daren Alhamis, in an kawo wuta,
Labbo mai walda da Arzika tela su zo da benci.
Labbo ya ce babba babba ne.
Arzika ya ce barkono bai kai kabewa ba,
amma wa kabewa ta taɓa sa hawaye?
Shekara tara munka yi ba mu raba gardamar ba.

Ɗana Nomau ya taɓa miƙo min wayarsa:
Baba, wannan na kwaikwayon su duka.
Na saurara. Wallahi ta yi kusa, har gabana ya faɗi.
Sai na ɗora tafin hannu a bayanta,
sanyi ƙalau, kamar goshin ƙadangare.
Na mayar masa.

Bazarar bara wuta ta zo da hauka,
ƙaramar kwalba guda ta ƙone a cikin babbar,
kanta ya yi fari kamar an shafa alli.
Na bi Tsohuwar Kasuwa rumfa rumfa,
na aika Kano, na aika Ƙonni,
kowa ya ce, Malam, ai an bar yayin wannan.

Ashe irinta ce a cikin ta Buzu.
Ƙafa tara, tsawo ɗaya.

Yanzu kwalba ɗaya suke ci su biyu.
In babbar za ta yi magana, ƙaramar ta yi shiru.
Nakan jira ta huce, in zare ta da hankici,
in taka taku huɗu da ita kamar mai ɗauke da ƙwai.
Kafin ta sake yin ja a sabon gida
kunne ya riga ya mance rabin abin da ya ji.

Labbo na nan kan bakansa. Arzika ma haka.
Sai dai sun rage ɗaga murya,
kuma in na tashi da hankicin,
duk su biyun janye ƙafafunsu suke daga hanya.