Ɗigo Uku a Kan Dankali

A ɗakin gwaji, bayan la'asar,
na yanka dankali gida biyu.
Ɓari ɗaya na bar wa iska,
kafin in ɗauraye wuƙa ya yi duhu
kamar goron da aka gatsa aka manta.
Ɗayan na ɗiga masa ruwan kurkur da ɓawon rumman,
ɗigo uku,
ya tsaya fari fat kamar bai san an yi iska ba.

Malam ya ce akwai ɗan aike a cikin fata,
shi ke iza wutar da ke dafa launi,
ruwan nan hannunsa yake riƙewa.
Na rubuta, na ja layi a ƙasa.

Amma Inna Tasalla ta riga littafin.
Shekarar da man awara ya fallatsa wa Lantana a kunci,
a tsakar gidanmu na Ƙofar Marusa
ta daka, ta tace a tsumma, ta gauraya da man kaɗanya,
kullum dare tana shafawa da ɗan yatsa ɗaya
iyakar tabon, ba ta ƙetare iyaka.
Wata huɗu. Tabon ya kwashe kayansa,
kuncin ya koma baƙinsa na gado, mai sheƙi.

Jiya Sale mai turare ya tare ni a bakin kasuwa.
Ya ji labari, ya zo da kwalabe a leda,
har ya sa an buga takardar mannawa:
mace biyu a fuska ɗaya,
hagu dare, dama rana,
da alkawarin kwana bakwai.
Ya ce riba rabi da rabi.

Na dubi bayan hannuna,
launin ƙasar fadama in ta sha ruwan farko,
launin Inna, da ta haifi tara a rana
rana ba ta taɓa cin ta ba.
Na ce, Sale, wace ce ta hagun?
Ya yi dariya, ya ce, ai hoto ne.

Da safe na koma kan dankalina.
Farin yana nan fari, ya bushe, gefensa ya nannaɗe.
Mai duhun ma ya bushe.
Na auna, na rubuta lambobi,
a gefen shafi kuma, da fensir, inda Malam ba ya dubawa:
na tabo ne. Ɗan yatsa ɗaya.