Kumfa

Tasi'u, mai shago a Bata, ya ce da ni:
"Wannan sai ta zuƙe iska kafin ta markaɗa.
Ba kumfa, ba dusashewa,
piya ta kwana kore shar kamar ganyen rama."
Na tambayi kuɗi. Ya faɗa. Na kama haɓa:
hayar rumfata ce ta wata huɗu a Gyaɗi-Gyaɗi.

Tawa blandar tsohuwa ce, murfi ɗaure da kyauro,
in ta tashi har mai faci sai ya waiwayo.
Takan bugi mangwaro da madara
ta ɗora masa farar hula.

Gaskiya ne, in ya jima yakan rabu,
ruwa ƙasa, kauri sama, ayaba ta yi duhu.
To wa ke barinsa ya jima?
Ƙarfe biyu, 'yan adaidaita sun jeru,
kofi bai taɓa yin minti uku a hannu ba.

Ladidi ƙanwata ta saya.
Na ɗanɗana nata da ya kwana: santsi, ba musu.

Jiya aka ɗauke wuta tun azahar.
Tata shiru, tawa shiru.
Na aika a aro mini maburgi.