Kashi Talatin da Biyar Na Hanya Ne

Mun sauka daga kwalta bayan la'asar,
gabas da Al-Ula, inda duwatsu suka yi ja kamar an gasa su.
Motar ta shiga rairayi shiru, ba tari, ba hayaƙi.
Baba Zubairu ya ce, "Motar da ba ta gurnani,
ta ina mutum zai san ta yi fushi?"
Shekara talatin yana jan tirela daga Madina zuwa Tabuka,
da kunne yake gane ciwon inji.

Na duba allo: sittin da ɗaya.
Talatin da biyar na hanya ne, ba a taɓawa.
Ragowar ita ce guzurin dare.

Na jawo waya daga cikinta kamar mai tatsar taguwa.
Ƙwai ya kama a bakin tanti,
buta ta fara gunaguni,
Ramlatu ta ɗora shinkafa a tukunyar lantarki,
kowane tafasa da kuɗinsa.
Shayi ya ci ɗaya. Shinkafa da rago sun ci uku.
Ni kuwa ina ta leƙen allo
kamar mai shago da almubazzarin yaro.

Bayan isha sai ga mutum cikin duhu,
rawani a karkace, warin raƙuma a rigarsa.
Ya yi sallama da Larabci, ya miƙo waya matacciya:
kwana tara ke nan, raƙumi ya take masa farantin sola.
Ina neman caja sai Baba ya daka wa jikarsa tsawa,
"Ke Juwaira, sa takalmi, akwai kunama!"
Baƙon ya daskare.
Ya ce a hankali, "Ashe mutanen gida ne."

Ishaƙa sunansa, daga Mai Wurno, bakin kogi, can Sudan.
Kakansa da kakan Baba hanya ɗaya suka ɗauko da ƙafa,
ɗaya ya ƙetare teku, ɗaya noma ya riƙe shi.
Hausarsa da gishirin Larabci, tamu ma haka,
muka yi ta dariyar bakin juna.
Wayar ta buɗe ido.
Ya hau dutse da ita, can ne kawai ake samun layi,
muna jin muryarsa daga sama tana karyewa:
"Inna, ni ne. Ni ne mana."
Allo bai ko motsa ba don wannan.

Sanyin hamada ba ya sallama.
Ƙarfe biyu na farka, haƙora na kaɗawa,
allo ya ce arba'in da ɗaya.
Na yi lissafi da yatsu a cikin bargo, bai fita ba.
Na kashe hitar tantinmu. Na kashe ƙaramin firji.
Na cire ƙwan, taurari suka matso.
Biyu na bari: bargon lantarkin Baba
da na'urar da ke tura masa iska in ya yi barci.
Na kwanta ina saurarenta,
shaƙa, saki, shaƙa, saki,
ban san daren da na ƙirga numfashin mahaifina ba sai wannan.

Da asuba akwai ƙwaryar roba a bakin tanti,
nonon taguwa, kumfa bai kwanta ba,
sawun Ishaƙa ya nufi arewa.

Talatin da shida.
Na naɗe waya, Ramlatu ta karkaɗe tabarma.
Baba ya zagaya motar sau ɗaya, yana dogara sanda,
ya dafa ƙeyarta yadda yake yi wa tsohuwar tirelarsa.
Bai yabe ta ba, ba halinsa ba ne.
Ya ce dai, "Tafi a hankali, kar ka kunna sanyi.
Jiya ba ta yi barci ba."