Nero

A Rijiyar Ɗorowa, bakin shagon mai gyaran rediyo,
akwai benci mai ƙafa uku, bulo ne ta huɗun.
Nan kakana Labbo ke zama bayan la'asar,
nan Jelani ke iske shi, da sandarsa, da gardamarsa.

Kakana kuku ya yi wa wani injiniya Ba'italiye
shekara tara, zamanin da ake malala kwalta.
Jelani kuwa awo ya yi a siton wani Bagirke,
yana ƙirga fatun jar akuya goma-goma
har warin jima ya zame masa turare.
Cikinsu babu wanda ya taɓa ganin teku.

Labbo kan ce, "Italiyanci ɗan'uwanmu na.
Kalmominsu da baki buɗe suka ƙarewa, irin namu:
pane, domani, basta.
Halshe na da ba ya ruhe ma baƙo ƙohwa."

Jelani ya tsartar da yawun goro.
"Halshen hannu dai!
Ɗamre ma Ba'italiye hannuwa, ka samu bebe.
Girkanci dattijo na.
Sunayensu da sss suka ƙarewa,
kamar an yayyahwa ruwa bisa garwashi.
Baƙaƙensu ma daban, sai ka ce ƙugiyoyin mahauta.
In Bagirke ya ce ne, ya yarda ke nan,
mu ma da ne muka ɗaure zance: haka ne."

"Wannan ne ɗin ta Kanawa ta," in ji kakana.
"A nan haka na muka cewa."
Mai rediyo ya yi dariya har sukurudireba ta faɗi.

Sau ɗaya na ga sun sasanta.
Wani yaro ya wuce da babur kamar an koro shi,
Labbo ya ce piyano piyano,
Jelani ya ce siga siga,
suka dubi juna.
Ashe kowace al'umma sau biyu take faɗin sannu,
don mai gaggawa ba ya jin ta farko.

Amma a kan nero, shekaru aka yi ba sulhu.
Kakana ya rantse nero baƙi ne,
baƙin gahawar da yake dafawa da asuba,
baƙin kwalta a tukunyarta.
Jelani ya rantse nero ruwa ne,
abin da Bagirke ke kira
idan ranar Afrilu ta sauko ta zauna bisa kwanon sito.
Kowa na ganin ɗan'uwansa ya yi bautar banza,
bai riƙo ko kalma ɗaya daidai ba.

Ni na girma, na je makaranta, na duba littattafai.
Duk su biyun sun yi gaskiya.
Da na kawo labari, ba wanda ya gode mini.
Na raba su da abin hira,
suka yi kwana uku suna kallon hanya.

Bara, a ɗakin maza na asibiti,
Hausa ta fara zubewa daga bakin Jelani
kamar gero daga buhun da ɓera ya huda.
Ya manta sunan 'yarsa.
Leɓɓansa sun tsage, yana ta motsa su.
Nas ta sunkuya, ta ɗago, ta ce ba ta gane ba.

"Nero," ya ce. "Nero."

Kakana, mai shekara arba'in yana musun kalmar nan,
bai ce uffan ba.
Ya miƙe da ƙyar, gwiwa na ƙara,
ya tsiyayo daga gora, ya tallabi ƙeyar abokinsa.

Yanzu shi kaɗai ke kan bencin.
Idan mai kura ya zo wucewa da jarkoki,
yakan ɗaga hannu, ya kira shi da Girkanci.