Ashirin da Biyar

Barikisu ta aiko da kyamara daga Amurka,
cikin safa biyu, a jakar wani ɗan Asawase,
da guntuwar takarda:
Ɗauko mini Iya. Hannunta nake so in gani.

Na kunna ta a ɗakin goro, nan Aboabo.
Sai ƙwan lantarki ya hau rawa cikin gilashi,
yana ƙifce-ƙifce kamar mai kunyar suruki,
alhali a rufin ɗaki yana nan, ko gezau.

Mumuni mai gyaran rediyo a Alabar
ya yi dariya har ƙusa ta faɗo daga bakinsa.
Ya ce: Baƙuwa ce, da lissafin garinsu ta zo.
Wutarsu sau sittin take numfashi a daƙiƙa,
tamu hamsin, ran da ta ga damar zuwa.
Hoto talatin ba ya zama lafiya da hamsin.
Ka sa mata ashirin da biyar,
ko ka ninka, in kana son komai ya fito.
Sidi goma, ladan bakina.

Na fara da hamsin, don ni mai haɗama ne.

Iya Fulera na bisa tabarma, huhu a buɗe,
tana ware fari da ja,
tana jefar da wanda sankara ta ci
ba tare da ta duba ba.
Tun ba a haife ni ba yatsunta ke wannan karatu.

Da dare na kalla, ni kaɗai.
Ashe hamsin ba ta da kara.
Ba ta kau da kai inda ɗan halak zai kau.
Ga rawar babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya,
ga inda hannu ya nufi goro ya wuce shi,
ya dawo yana lalube,
ga jijiya, ga zoben da ya yi mata yawa
yana zamewa zuwa gaɓa.
Gida ɗaya muke kwana,
ban taɓa ganin wannan ba.

Washegari na rage.
Ashirin da biyar ta ɗan shafe gefen motsi,
kamar alli da aka goga da hannun riga.
Rawar ta narke cikin sauri,
hannun ya koma wanda ya murɗe mini kunne
ran da na saci daushe na kai Kejetia.

Iya ta ce, ba ta ɗago ba:
Sau nawa abin nan ke kallona?
Na ce, ashirin da biyar kafin ki ce Bismillah.
Ta ce, tsakanin kallo da kallo fa?
Na ce, nan ba ya ganin komai.
Ta ɓare goro, ta ba ni ɓari, ta riƙe ɓari.
Ta ce, to wannan wurin ka bar mini.

Mota ta wuce, yaro na kiran koko ya ƙare,
wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya a hankali.
Ban kashe ba. Minti guda na duhu,
da ƙarar goro yana faɗawa kwando,
fari dabam, ja dabam, ban san ta yaya ba.

Shekara tara Barikisu ba ta taka Kumasi ba.
Takardunta ba su fito ba, in ta fito ba komawa.
Na daɗe zaune da hotuna biyu a cinya.
Ɗaya gaskiya ne.
Ɗayan ma ai ba ƙarya ba ne.

Na tura mata ashirin da biyar, har da duhun.
Hamsin na sa a gwangwanin madara,
tare da katin asibiti da ragowar magani.

Ta bugo da asubarmu, muryarta na tsalle:
Kai, Iya ba ta tsufa ba! Dubi hannu!

Na ce, layin ba kyau,
sake faɗa.