Ɗigon Ruwa a Cikin Dutse

Ruwa ya shigo ɗaki tun kafin asuba,
ruwan Idi-Araba ba ya sallama.
Ban ɗau tabarma ba, ban ɗau rediyo ba,
gwangwanin madarar nan na fara ɗagawa sama.
Hansatu na dariya daga kan gado:
"Baba, dutse ai ba ya tsoron jiƙa."

Ba ya tsoro, 'yata. Ni ke tsoro.

Matso in buɗe miki, tunda an ɗauke wuta,
haska min da wayar uwarki.
Wannan mai launin hayaƙi, mai fuska shida,
ba wuƙar da ta fere shi, haka na same shi
kwance a bakin rami kamar mai jiran wani.
Wannan koren, kamar ƙanƙara ta manta narkewa.
Wannan baƙin, ɗauki ki ji, ya fi girmansa nauyi:
kuza ce, ita Nasara suka zo nema,
suka kwashe, suka bar mana ƙyalli.

Kwana biyu a bayan babbar mota daga Agadas,
ni da Cindo, gemuna bai ko tsiro ba.
Mun je neman arziki, muka tarar da rami,
da guntun dogo da rairayi ya haɗiye rabi,
da amalanken da tsatsa ma ta gaji da ci,
da takalmin wani, ƙafa ɗaya.
Ba tsuntsu. Ba ko ƙuda.
In ka yi tari, rami ya mayar maka sau uku.

Mukan sauka da sanyin safiya, igiya a ƙugu,
guduma, kurfi, tsohon buroshin haƙori.
Cindo ya ce dutse akuya ce mai naƙuda,
in ka ja da ƙarfi, ka rasa ɗa ka rasa uwa.
Sai ka kewaye shi, ka lallashe shi,
ka hure masa ƙura da bakinka,
ka naɗe shi a rawani kamar ƙwai.

Salka ɗaya gare mu. Da finjalin shayi muke awo.
Ran da ta koma fata zalla
ya fito daga rami, leɓe a fashe,
yana wata dariya da ba ta da sauti:
"Nomau, na samo ruwa."

Ga shi nan. Karkata shi a hankali. Kin gani?
Ɗigo guda a kulle, da 'yar kumfa mai yawo,
yana ciki tun ba a haƙa rijiyar farko ba.
Muka zauna muna kallo, masu ƙishi biyu,
ba wanda ya ce a fasa,
har ƙurar wata mota ta taso daga yamma.

Na taɓa kai su Ikeja wurin mai awon duwatsu.
Ya ɗora gilashi a ido, ya juya, ya taɓe baki,
ya ce duka ba su kai rabin buhun albasa ba.
Na yi godiya. Na hau danfo na dawo.
Cindo kuwa ya sake komawa, shi kaɗai.
Wasiƙa ɗaya, sai shiru.
Kar ki tambaye ni. Ban sani ba.

Garin nan ruwa a sama, ruwa a ƙasa,
gada kan ruwa, gida kan ruwa,
ana ƙulla shi a leda ana talla a kan titi.
Shekara ashirin da shida ina kwashe shi daga ɗaki,
amma in an ce ruwa, wannan nake gani,
wanda bai taɓa jiƙa leɓen kowa ba.

Mayar da murfin.
A'a, bar shi a hannunki tukuna.
Riƙe da kyau, ɗaga ƙafarki,
miƙo min bokiti da ɗayan hannun.